Kawu Malam da Tallafin da Bai Taɓa Yarda da Shi Ba

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma, kuma Kawu Malam ya riga mu tafiya. Yayan mahaifiyata ne. Ya rasu wata Talata da hantsi, ana tsakiyar girbin dawa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Gidanmu na unguwar Rikoto bai taɓa cika irin cikar da ya yi a zaman makokin nan ba. Danginmu kamar yawancin dangin Zuru ne, wasu masallaci wasu coci, saboda haka a ƙarƙashin rumfa ɗaya liman ya yi addu'a aka shafa, fasto ya yi tasa aka ce amin. Tsofaffin ɗalibansa suka zo, wasu cikin kakin soja, wasu har sun fara furfura. Malaman sakandaren da ya koyar a cikinta shekara da shekaru suka zo ayari guda.

Ni ce mai kai ruwa da abinci tsakanin cikin gida da rumfa, don haka kunnena ya kwashi abin da ba a so in ji. A fili ana cewa, "Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki." Ƙasa-ƙasa kuwa wata magana ce daban ke yawo.

Wata tsohuwa daga Dabai ta raɗa wa ta kusa da ita, "Kuɗin baƙin nan ne suka ci shi. Tun ran da ya karɓe su na san ba zai daɗe ba."

A rumfa na ji wani abokin aikinsa yana cewa, "To wai ina kuɗin suka tafi? Bai yi gini ba, bai sayi mota ba. Babur ɗin da muka san shi da shi, da shi ya mutu."

Na kusa da shi ya turo baki wajen ƙofar gida, inda wata matashiya ke durƙushe tana kuka kamar ranta zai fita. Ya ce, "Dubi mai kukan can, sai ka san inda suka tafi."

Can gefen rumfa kuma ƙanen mamacin ne zaune shi kaɗai a kujerar roba, wanda muke kira Kawu Soja. Tsohon soja ne, kuma dattijo a cocinsu. Ba ya amsa gaisuwa sai da kai. Kowa a wurin ya san fiye da shekara ke nan maganar kirki ba ta haɗa shi da yayansa ba, kuma kowa na satar kallonsa don ya ga ko zai zubar da hawaye. Bai zubar ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar. Amma da na natsu sai na tuna cewa da Kawu Malam na zaune a rumfar nan, makokin wani ake yi, da shi ne zai fara tambayar inda kuɗin suka tafi. Bambancinsa da su ɗaya ne: shi a fili yake tambaya, a gaban mai abin. Dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, kada raɗe-raɗin rumfa su zama su ne tarihinsa.

Ban taɓa sanin mutum mai zargi kamarsa ba. In zai sayi buhun taki sai an kwance masa baki ya cusa hannu har gwiwar hannu, wai ana zuba yashi a ƙasa. In baƙuwar lamba ta kira shi, zai ɗauka ya yi shiru, ba sallama ba komai, sai mai kiran ya gaji ya faɗi ko shi wane ne. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, takan ce, "Ko gishirin miyata sai ya tambaye ni wurin wa na saya." A aji, in ɗalibi ya rubuta insha'in da ya yi kyau fiye da kima, sai ya kira shi gaban tebur, ya kife takardar, ya ce, "Faɗa mini da baki." In ɗalibin ya kasa, ya shiga uku. In ya iya, sai Kawu ya miƙe tsaye a gaban aji duka ya ce, "Ka yi haƙuri, na zarge ka, ba ka da laifi." Ni ma ya taɓa yi mini haka ina aji huɗu, bai duba cewa 'yar ƙanwarsa ce ni ba. Na yi kuka don haushi, washegari ya aiko mini da sabon biro.

Hausa da adabi yake koyarwa, ko da yake a gida harshenmu na C'lela yake yi da tsofaffi. Yana kuma rubuta labarai tun yana saurayi. Da an ba da hutu sai ya hau babur ya tafi gonarsa ta Dabai, ya yi noma da safe, in rana ta yi zafi ya zauna gindin ɗorawa yana rubutu a kan cinya.

Inna ta ce zarginsa bai kai haka ba a da. Wani mutum ne ya zo makarantarsu cikin mota mai kyau, da babbar riga da magana mai daɗi, ya ce ana gasar malamai marubuta. Ya karɓi kuɗin shiga, ya karɓi labarai. Kawu ya ba shi wanda ya fi so duk cikin nasa. Shiru, shiru, ba gasa ba mutum. Bayan wasu shekaru Kawu na zaune wurin mai shayi sai ya ji ana wasan kwaikwayo a rediyo. Labarinsa ne. An sauya sunaye, an kwashe tsaunukanmu an mayar da abin wani gari, a ƙarshe aka ambaci sunan wani a matsayin marubuci. Ya koma gida ya ɗauko kwafin da ya ajiye, ya dinga nuna wa mutane. Sai wani ya ce masa, "Malam, wa ya shaida kai ka fara rubutawa? Ai ana iya cewa a rediyon ka ji ka kwafa." Babu wanda ya taɓa karanta labarin kafin a sace shi, don haka ba shi da mai tsaya masa. Daga ranar ba wanda ya sake ganin shafi ɗaya na rubutunsa. Yana yi, yana tarawa a akwatin ƙarfe.

Ni ma malanta na shiga, saboda shi, kuma a makaranta ɗaya muka ƙare. Ana saura 'yan shekaru ya yi ritaya sai wani saƙo ya shigo zauren malamai na waya. Wata gidauniya ce a Abuja ke neman malaman sakandare masu rubuta ƙagaggun labarai. Wanda aka zaɓa za a biya wani ya riƙe masa aji na zango biyu, a ba shi abin da zai yi zirga-zirgar bincike, in ya gama a buga masa littafin. Na same shi a ɗakin malamai yana duba jarrabawa.

"Kawu, ga naka ya zo."

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya karanta har ƙarshe ya sake komowa farko.

"Nawa suke so a biya?"

"Ba a biyan komai."

"To wannan ya fi muni. Wancan ɓarawon na san abin da yake so, kuɗi da labari. Waɗannan da ba su son kuɗi, me suke so?"

Na yi magiya har na gaji. Inna ce ta karya shi. Wata rana tana shara ta ja akwatin ƙarfen, ta tarar gara ta yi gini a bayansa. Ta ce, "Malam, kana tsoron ɓarawon Abuja, ga na cikin ɗaki sun kusa gamawa da kai." Kwana kaɗan bayan haka ya ce in shirya, zai je ya ga mutanen nan da idonsa.

Muka bi ta Kontagora da Minna, hanyar da ba ta bar mana ƙashi ɗaya da bai yi ciwo ba. Bai ɗauki ko shafi ɗaya na labaransa ba, wai kada a ƙwace. Ofishin ɗan ƙarami ne a saman wani bene. Wata mata mai tabarau ta karɓe mu, ta sa aka kawo mana ruwan gora. Kawu ya duba murfin ya tabbatar ba a taɓa buɗe shi ba, sannan ya fara.

"Hajiya, wa ke ba ku kuɗin?"

Ta ce wasu tsofaffin malamai ne da 'yan kasuwa, da wasu masu taimako daga waje.

"Me za su samu?"

"Littattafai, Malam. Yaranmu su sami abin karantawa da ya fito daga hannun malamansu."

"Ba ni lambar malami ɗaya da kuka taɓa ba."

Ta ba shi. A nan gabanta ya kira mutumin, ya tambaye shi makarantar da yake, ajin da yake koyarwa, har da littafin adabin da ake yi a aji shida a shekarar, don ya gane ko malamin gaske ne. Ni kunya kamar in nutse. Matar kuwa ta rufe baki tana dariya.

Da ya kashe wayar ya ce, "Saura ɗaya. In na mutu kafin a buga, littafin na wa ne?"

"Na iyalinka ne, da sunanka a kai."

"Sake faɗa, 'yata ta ji da kyau."

Ta sake faɗa. Sai ya nemi takarda da biro, ya zauna a teburinsu ya rubuta musu samfurin da suke nema daga ka, shafi bayan shafi, ya sa aka buga masa hatimi a kwafinsa. A mota muna dawowa na ce, "Kawu, yanzu ka yarda?" Ya ce, "Ofis akwai, mutane akwai. Amma ɓarawo ma yana iya kama haya."

Aka zaɓe shi. Ran da kuɗin suka shigo bai yi murna ba. Banki ya tafi ya tambaya ko kuɗin masu tsabta ne, sannan ya bar su makonni bai taɓa ba, yana jiran a zo a ce kuskure ne.

Daga nan zargin ya juyo kansa. A ɗakin malamai, waɗanda suka nema ba su samu ba suka ce yana da wani a sama. Shugaban makaranta ya so ya kawo ɗan ƙanwarsa ya riƙe ajin. Kawu ya ce bai ƙi ba, amma duk mai so ya zo ya koyar da darasi ɗaya, shi yana zaune a bayan aji. Cikin waɗanda suka zo har da 'yar wani Ibo mai shagon kayan gini a bakin kasuwa. A Zuru aka haife ta, Hausa ta karanta a kwalejin ilimi, amma ta daɗe tana zaman shagon babanta, don duk inda ta nemi aiki sai a yi dariya a ce me 'yar Ibo za ta koya wa yara a Hausa. Ita Kawu ya zaɓa. Bai kuma sakar mata ajin haka kawai ba, makonnin farko yakan faɗo ba sanarwa ya zauna a baya yana rubuta kurakuranta.

Gari ya ɗauka cewa aurenta zai yi, da kuɗin tallafi. Maganar ta kai kunnen Inna a wurin niƙa. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta aika aka kira yarinyar, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida inda duk mai wucewa zai gani, suka ci tuwo kwano ɗaya. Da zangon biyu suka ƙare, Kawu ya dinga sintiri wurin ƙungiyar iyaye da malamai har suka yarda su riƙe ta. Tana makarantar har yau. Ita ce mai kukan da aka turo wa baki a ƙofar gida.

Sauran kuɗin kuwa hanya ta ci su. Man babur, gyaran taya, sabulu da sukari da goro na gaishe da tsofaffi, wani lokaci maganin ciwon ƙafa. Ya bi Dabai, ya bi Mahuta, ya hau ƙauyukan kan dutse da babur ba ya kaiwa sai da ƙafa. Ba ya karɓar maganar tsoho ɗaya sai ya ji ta a bakin wasu da ba su san ya je wurin na farkon ba. Su ma tsofaffin ba su yarda da shi ba. Wani ya kore shi da sanda, ya ce an aiko shi ya sayar wa baƙi da asirin kakanni.

Abin da yake bi labarin mahaifinsu ne, kakana. A gidanmu an san shi da jarumta: saurayin da ya ajiye fartanya ya tafi soja don zuciyarsa ta fi ƙarfin gona, ya dawo da lambobi a ƙirji. Hotonsa na rataye a falon Kawu Soja, kuma saboda shi ne Kawu Soja ya sa kaki. Abin da Kawu Malam ya tono daban ne. A lokacin kakanmu na cikin golmo, wato noman shekaru da saurayi ke yi wa iyayen budurwarsa kafin a ba shi ita. A kokawar bikin Uhola wani ya ɗaga shi ya maka da ƙasa a gaban budurwar da duk jama'a. Kunya ta hana shi kwana a garin. Ya gudu ya shiga soja, ya bar golmonsa bai cika ba. Budurwar nan, kakarmu, ita ta ɗauki fartanya ta shiga layin samari a gonar ubanta tana noma a madadinsa, ana yi mata dariya damina bayan damina, don kada a ce alkawarin ya warware. Haka ta yi har ya dawo.

Wani ya kai wa Kawu Soja labarin abin da ake rubutawa. Wata Lahadi bayan an tashi coci ya shigo gidan da kayansa na ado, ko zama bai yi ba. Ina wurin.

"Yaya, nawa suka ba ka ka tuɓe wa Baba wando a kasuwa?"

Kawu Malam ya cire tabarau. "Ba su ma san sunansa ba. Kuma na sauya sunaye, labari ne."

"Labari? Duk Zuru wa zai karanta bai gane ba? Mutanen da ba ka san iyayensu ba sun ba ka kuɗi, ka bi dutse kana tono abin kunyar gidanku. Kai da ba ka yarda da kowa ba, yau ka yarda da su?"

"Ban yarda da su ba. Amma ba abin kunya na tono ba. Uwarmu na tono, da aka binne aikinta ƙarƙashin lambobin Baba."

"Ka cire wurin."

"Kawo mini mutum ɗaya da zai ce ƙarya ne, in cire yau."

Kawu Soja ya juya ya fita. Kirsimetin shekarar ba a kawo mana shinkafa daga gidansa ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun ina yarinya. Da babbar salla Kawu Malam ya aika masa da cinyar rago, aka dawo da ita.

Ya gama littafin da damina, ya sanar da gidauniya, amma ya dinga ja musu rai wajen miƙawa, yau gyara gobe gyara. Ana haka ciwo ya kama shi. A asibiti ma halinsa bai bar shi ba, duk ruwan da za a ɗaura masa sai an nuna masa ranar lalacewarsa. Ya kira ni kusa ya ce, "Takardun na wurin Inna. Har yanzu ban gama yarda da mutanen can ba. Ke ma ban yarda za ki iya hana su komai ba, kin cika kunya."

Kawu Soja ya zo asibitin sau ɗaya. Ya ja kujera ya zauna gefen gado, ya ciro lemo daga aljihu ya ɓare da 'yar wuƙarsa ya miƙa. Kawu Malam ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, sannan ya sha. Iyakar sulhun da na gani tsakaninsu ke nan.

Ranar sadakar bakwai, rumfa ta sake cika, sai ga wani saurayi da jaka a kafaɗa da katin aiki rataye a wuya. Ya yi gaisuwa cikin ladabi, ya ce gidauniya ce ta aiko shi da ta'aziyya, kuma in iyali sun yarda ya tafi da rubutun a kai maɗaba'a. Na kira matar nan mai tabarau, ta ce nasu ne. Na shiga na karɓo takardun wurin Inna, ƙunshe cikin zane. Ina fitowa Kawu Soja ya miƙe ya tare hanya.

"Ina za ki da su?"

"Kawu, na kira ofishinsu, sun tabbatar."

"Murya a waya ba shaida ba ce."

Na ɗauka damar da yake jira ce ta zo, zai karɓe ya cusa a murhu. Saurayin ya ce, "Baba, ai sai a yi kwafi ku ajiye."

"Yayana ya taɓa ajiye kwafi. Me ya yi masa?" Ya juya wajen jama'a. "An taɓa sace masa labari saboda ba wanda ya ji shi kafin ɓarawo. Wannan ba zai bar gidan nan ba sai an karanta shi a nan, daga farko har ƙarshe, kowa ya ji da kunnensa."

"Baba, motata za ta tashi da azahar."

"Gobe ma mota na tashi. A ba shi kujera."

Haka aka yi. Ni da malamar nan 'yar Ibo muka dinga karɓa-karɓa, in muryar ɗaya ta dushe ɗaya ta ɗauka. Aka tsaya aka yi salla aka ci abinci aka koma. Magariba ta yi ba mu kai rabi ba, aka kai baƙon ɗakin baƙi. Washegari mutanen da suka zo sun fi na jiya, mata suka fito da tabarmi har bakin zaure. Ba zan ce karatun ya rufe bakin kowa ba. Har a wurin na ji wani yana cewa ba mamaki akwai wasu kuɗin da aka ɓoye. Amma an saurara, an yi dariya inda ya sa dariya, tsofaffi suna gyaɗa kai in aka ambaci wani rafi ko wani dutse da suka sani.

Babin kokawar ya faɗo a hannuna. Na karanta har inda saurayin ya shiga fili yana taƙama, budurwarsa na kallo. Na san abin da ke layi na gaba. Na tsaya, na ɗaga ido na dubi Kawu Soja.

Ya ce, "Me kike kallona? Ɗaga murya, na baya ba su ji."

Na karanta faɗuwar. Na karanta gudun. Na karanta yadda yarinyar ta ɗaura zane ta shiga layin samari da fartanya, hannunta na fashewa, ƙawayenta na yi mata waƙar zambo, ita kuwa ba ta ɗaga kai ba. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa jin wannan game da uwarta ba, ta rufe fuska da mayafi.

Da na kai ƙarshen babin, Kawu Soja ya ɗaga hannu.

"Duk gaskiya ne," ya ce. "Ran da zan tafi soja Baba ya ja ni bayan rumbu ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce kada in shiga kaki don gudun wani abu, kamar yadda shi ya yi. Sannan ya sa na rantse ba zan gaya wa Yaya ba. Ya ce Yaya ba ya iya riƙe magana, sai ya rubuta ta."

Dariya ta ɓarke a rumfar, shi ma ya fara, sai ta juye masa. Tsohon sojan nan ya sunkuyar da kai yana kuka, kafaɗunsa na rawa, liman na gefe ɗaya fasto na gefe ɗaya suna ba shi haƙuri. Da ya samu kansa ya share fuska da hularsa ya ce, "Ni na riƙe alkawarina. Shi ya hau dutse ya nemo abinsa. Ci gaba."

Muka gama bayan la'asar. Shi da kansa ya naɗe takardun cikin zanen, ya miƙa wa saurayin da hannu biyu, amma bai saki nan da nan ba.

"Ɗana, ka ga mutanen nan? Duk sun ji. In littafin ya fito da sunan wani, ko aka sauya dutse ɗaya daga inda yayana ya ajiye shi, garin nan cike yake da tsofaffin sojoji da ba su da aikin yi. Ka gaishe da Hajiya."

Har yau da nake wannan rubutu littafin bai fito ba. Matar nan ta gidauniya ta ce yana maɗaba'a, an kusa. Ban ce ƙarya take yi ba, ban kuma ce na yarda ba.

Allah ya jiƙan Kawu Malam. Ya yafe masa waɗanda ya zarga ba su da laifi, ya yafe wa waɗanda suka zarge shi yana kwance ba ya iya ba su amsa. Ya ba Inna da ƙanensa da mu duka haƙurin rashinsa. Ya sa inda ya tafi ya tarar da alkawarin da ba sai ya bincika ba.